Gidan Baba a Cikin Filash

Robinvale, Ostareliya
9 ga Fabrairu

Ƙanwata Fifita,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Hannun daman yana ɗan motsawa kuwa, ko har yanzu yana nan yadda ciwon ya bar shi? Ki gaida Gwaggo Melenaite, ki ce saƙonta na maganar aure ya iso, na ajiye shi inda na ajiye na bara. Ni lafiyata ƙalau, ban da baya. Muna tsakiyar tsinkar inabi, rana kuwa sai ka ce da mu take gaba.

Ga kwali nan na ba matar Semisi, abokin aikina a gona, za ta sa shi a jirgin ruwan tsibirinmu in ta isa babban birni Nuku'alofa. A ƙarƙashin gwangwanayen nama akwai laftof. Kar ki ga tsufanta ki yi tsaki. Ofishin gona ne za su jefar da ita, na roƙa. Akwai wasu mutane da ke taruwa ran Asabar a laburaren garin nan suna tada matattun kwamfutoci, wata dattijuwa a cikinsu ta share komai ta sa mata wani tsarin kwamfuta da ake kira Linux. Kyauta ne, ba mai zuwa ya ce ki sayi lasisi, kuma ba ya yi wa tsohuwar na'ura nauyi. Asabar uku na yi ina lalube a rumbun manhajojinsa, ina neman wasannin da ba su buƙatar intanet. Wani ina buɗewa sai laftof ɗin ta hau huci kamar Fasto Lisiate in ya hau tudun coci. Da ƙyar na tsira da huɗu: kati, dara, tseren mota, da na gini.

Na ginin nake so Baba ya gani. Fili ne fetal, ka sari itace, ka haƙo dutse, ka jera su tubali-tubali har su zama gida. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kafinta, a ce ya wuni yana kallon bango! Abin yana cina.

Za ki ga filash ɗaure da jan zare, da takardar da na rubuta yadda ake kwafe filin ginin a kansa. In ya gina wani abu ku aiko min, ni ma in sa hannu, in mayar muku.

Kar ki ce ni na ce ya yi. Ki kunna kawai a gabansa. Na san har gobe in aka miƙa masa waya aka ce Kalo ce, kai yake juyawa. Na san laifina, na hau jirgi ban yi masa sallama ba don na san zai hana. Amma shekara shida fa, Fifita.

Yayarki,
Kalolaine


Vaipoa, tsibirin Niuatoputapu
2 ga Afrilu

Yaya Kalo,

Mun gode Allah, muna lafiya. Baba yana cin abinci, maganarsa ta ɗan fito fiye da da, hannun dai shiru. Gwaggo ta ce ki ci gaba da ajiye saƙon auren, ita ma tana ajiye miki naki faɗan.

Kwali ya iso. Naman ya ƙare a kwana biyar, kin san mutanenmu. Laftof kuwa ta zama abin magana. Ran Lahadi a bakin coci kowa sai ya tare ni: "Ashe Kalo ta aiko wa babanku na'ura? Kai, 'yar albarka!" Na ce e, 'yar albarka ce. Ni da ke ɗaga shi in kwantar, in wanke, in dafa, in ciyar, shekara biyu ban ji wanda ya tare ni a bakin coci ba. Ba ƙorafi nake ba, labari nake ba ki.

Kwana uku ina kunna masa yana yi kamar bai gani ba. Ran na huɗu na jera bango da gangan a karkace. Sai na ji daga bayana: "Wane jaki ne ya yi wannan?" Na ce ni ce. Ya ce in matsa. Shi ke nan fa. Yanzu shi ke riƙe maus da hagu, ni ina danna masa madannan tafiya, don hannu ɗaya ba ya isa. Batirin awa ɗaya yake yi in sola ta cika shi, kuma duk ranar da hadari ya hana, ni ce mai laifi.

Kin san me muke ginawa? Tsohon gidanmu, wanda teku ta tafi da shi. Yana rufe ido yana ƙirga taku da leɓe, sannan ya aza. Har mangwaron ƙofar gida mun dasa, har ramin girki. Da Gwaggo ta leƙa ta ga barandar Mama sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zani. Da ta gama kuka ta kafa doka: ba gini ran Lahadi. Baba ya ce ai wasa ne. Ta ce wasa ma haramun ne ran Lahadi, in kuma aiki ne ya fi muni, ya zaɓi wanda yake so a kai shi gaban Fasto da shi. Kin san ba ya musu da yayarsa. Ya yi ta hararar laftof har Litinin.

Ga filash nan. Ya ce ba zai ƙara aza ko tubali ɗaya ba sai ya dawo, wai ba a gina gida ɗaya a wuri biyu. Kafin nan yana cin Gwaggo a dara, tana cewa na'urar ce ke taya shi.

Ban ce ke kika ce ba. Bai tambaya ba.

Fifita


Robinvale
20 ga Mayu

Fifita,

Ina fata kuna lafiya. Ni ina nan. Inabi ya ƙare, mun koma yankan reshe, sanyi ya fara.

Na karanta wasiƙarki sau uku. "Muna ginawa." "Mun dasa." Sannunku da aiki, ke da babanki. Ni na yi Asabar uku ina cinye idona a laburare, ke kika samu kujerar gefensa. Tun ina shekara tara ni ke riƙe masa bakin igiyar awo, ni ke miƙa ƙusa, ke kina can kina kukan ƙaiƙayin kwakwa ya taɓa ki. Yau ke ce mataimakiyar kafinta. To, madalla.

Na kai filash laburare na buɗe. Mangwaron nan na fara cin karo da shi. Na bi gidan lungu-lungu. Ga baranda. Ga bukkar maza a baya, da allo an rubuta sunan ɗan'uwanmu Maka, shi da ke Auckland ko kati ba ya aikowa ran Kirsimeti. Ga allon Gwaggo a ɗakin baƙi. Ga kabarin Mama da furanni. Na zagaya wajen aladu, nan ma allo: Sisi. Alade, Fifita! Aladen da muka cinye a bikin Maka ya samu allo.

Sai na shiga ɗakinmu na mata. Gado ɗaya. Allo ɗaya. Fifita.

Gadaje biyu ne a ɗakin nan tun ranar da aka yaye ki, nawa a jikin taga. Mutumin da ya tuna taku nawa ne daga ramin girki zuwa rijiya bai manta gado ba. Cire shi ya yi. Ke kuma kina zaune, yatsunki a kan madannai, kina kallo, bakinki bai buɗe ya ce "Baba, na Yaya fa?" ba. Ko daɗi abin ya yi miki? Faɗa min gaskiya.

Na duba ko'ina, har bayan tankin ruwa na leƙa kamar mai neman kaza. Ɗakinsa kaɗai ban shiga ba. Na tsaya a ƙofar na juya. Ko na tubali ne, ɗakin uba ne, ba a haife mu muna taka inda yake kwana ba, kuma ba a Ostareliya zan koyi rashin kunya ba.

Ban aza komai ba. Me baƙuwa za ta gina a gidan mutane? Filash yana wurina. Ku kwafi wani, ai kin iya yanzu, ku ci gaba ke da shi.

Kalolaine


Vaipoa
28 ga Yuni

Yaya,

Muna lafiya, tunda kin tambaya a layi ɗaya.

Gado ɗaya ne don mutum ɗaya ke kwana a ɗakin. Kin so a shimfiɗa wa iska ne? Kina can kina ƙirga alluna, ni ina nan ina ƙirga ƙwayoyin magani. Kujerar gefensa da kike ƙyashi, zo ki ɗauka, amma ki sani tare take da bahon wanki da fo da tashin asuba. Ke kin aiko tsohuwar na'urar da aka jefar, an yi ta sa miki albarka a coci. Ni na ba da shekaruna, har saurayina Paula ya gaji da jira ya auri 'yar ƙauyen Falehau. Ban taɓa rubuta miki wannan ba, yau kin ja na rubuta.

Ran da jirgi ya zo, Baba ya sa aka tura shi a baro har bakin gaɓa, ɗaure da tabarmar nan da yake ɗaurawa a ƙugu in za shi coci. Na karɓo wasiƙarki na girgiza ambulan, ba komai. Ya dube ni, na ce masa wataƙila filash ya makara a Nuku'alofa. Ƙarya na yi masa saboda ke. Na ce mu ci gaba da wanda ke kan laftof, ya ce a'a, ke ce a layi. Ya daina dara ma.

Maganar ɗakinsa, kin kyauta da ba ki shiga ba. Ni ma in ya kai ƙofar nan a wasan tashi nake in ba shi wuri. Ba abin da ya shafe mu a ciki.

Ki aiko masa da abinsa.

Fifita


Vaipoa
30 ga Agusta

Yaya Kalo,

Jirgi biyu ke nan ba wasiƙarki. Ina fata lafiya ce, fushi ne kawai. Baba ya rame. Nas ta ce jininsa bai hau ba, abinci ne ba ya ci. Gwaggo ta tsare ni ta ce ko me ke tsakanina da ke in warware shi kafin ta warware mu duka biyu.

To, zan faɗa miki, ki zage ni in kin ga dama.

Wasiƙata ta baya akwai ƙarya a ciki. Ranar da taki ta zo, da rana Baba yana barci, na kunna laftof na shiga ɗakinsa. E, na shiga. Na daɗe ina jin haushin ɗakin nan. Sati uku, Yaya, kullum in muka yi rabin awa sai ya kai mu ƙofar ya ce, "Je ki duba tukunya." In fita in bar shi da hannu ɗaya, ya danna tafiya, ya saki, ya kama maus, ya aza tubali, ya saki, ya koma. Abin da muke yi tare a minti biyar, shi kaɗai sai batir ya mutu bai gama ba. Ina leƙowa ta taga ina ganin gumi a goshinsa. Ban san me yake yi ba, kuma bai taɓa cewa in taya shi ba.

Na gani. Da na gani sai na kashe na'urar na tafi bayan gida na yi kuka, kuma ba kukan tausayinki ba ne, kar ki ɗauka. Sannan na zauna na rubuta miki cewa kin kyauta da ba ki shiga ba. Na so ki ɗanɗana ko na wata biyu ne. Kin tambaye ni ko abin ya yi min daɗi. Ran nan ya yi.

Shekaranjiya na kasa. Ina ba shi kunun gwaza ya kau da kai, sai na ce, "Baba, filash bai makara ba. Yaya ce ta riƙe. Ta ce an yi wa alade allo ita ba a yi mata ba."

Ya ce, "Ta shiga ɗakina?"

Na ce, "Ta ce ta tsaya a ƙofa. Wai tarbiyya."

Yaya, sai ga Baba yana dariya. Rabin bakin nan da ke motsi yana ta rawa, hawaye na zuba, har na tsorata na kira Gwaggo. Da ya samu numfashi ya ce, "Yarinyar da ta haye teku ba izinina, ita ce ta tsaya a ƙofar tubali tana jiran izini?" Gwaggo ta ce ai shi ya koya mana, ya sha abinsa. Ya ce in rubuta miki haka, kalma da kalma: "Ki gaya mata na ce ta shiga."

Na gaya masa ni na riga na shiga. Ya ce ya sani, na bar ƙofar a buɗe.

Ba zan faɗa miki abin da ke ciki ba. Wannan kam ki taka da ƙafarki.

Fifita


Robinvale
4 ga Oktoba

Fifita ƙanwata,

Ya Baba? Don Allah ki ce min ya koma cin abinci. Wasiƙarki ta yi wata guda a hanya, ta zo ran Alhamis, sai da na jira Asabar kafin laburare ya samu. Kwana biyun nan na yanke reshen da bai kamata ba ya fi goma, har shugaban aiki ya tambaya ko idona lafiya.

Na buɗe filash, na tsaya a ƙofar ɗakinsa ya fi minti goma. Dattijuwar da ta sa mana Linux ta zo ta ce ko na'urar ta daskare ne. Na ce a'a, ɗakin babana ne. Ta kalli allon kwamfutar, ta kalle ni, ta ce to, ta tafi. Na cire takalmana a ƙarƙashin tebur, kar ki yi dariya, sannan na shiga. Na bi ta jikin bango don kar in gogi gadon.

Ƙofar da ke bangon baya, ai babu ita a gidanmu na gaske. Na buɗe. Kin san sauran. Gadona a jikin taga yadda yake, tagogi biyu suna kallon inda jirgi ke ɓullowa, akwati a ƙasan gado cike da gatari da kayan sara, da allo. Ko sunana bai cika ba, Kalo kawai, yadda yake kira in yana kan tsani yana son ƙusa. Na zagaya ina neman ƙofar waje, babu. Ba yadda za a yi mutum ya shiga ɗakin nan ko ya fita sai ta gabansa. Na gane, Fifita. Na kifa kai a kan tebur ina kuka a laburaren Turawa, mutane suna ta kawo min ruwa.

Ba zan zage ki ba. Na so in yi, na fara rubutawa har layi huɗu na yaga. Wata biyu kika riƙe min magana, ni wata biyar na riƙe wa tsoho marar lafiya abin da ke tashinsa da safe. In ana rabon zagi ni zan fara karɓa. Maganar Paula kuma ban sani ba. Ban tambaya ba, shi ya sa ban sani ba. Ki yafe min.

Amma kar ki ɗauka na daina ƙyashin kujerar nan. Ke kika ji dariyarsa. Ni a takarda na karanta.

Ga filash nan, na ba Fasto Lisiate da ya zo taron coci a Mildura, hannu da hannu. Abu biyu na yi. Na fasa bango tsakanin ɗakin nan da naki na sa ƙofa, in kin ga dama ki jawo gadonki, wurin ya ishe mu. Sannan na kafa allo a bakin ƙofarsa, ta waje. Abin da ya kamata in tsaya in faɗa shekara shida da suka wuce ne. Ki bar shi ya karanta da kansa.

Yayarki,
Kalo


Vaipoa
11 ga Nuwamba

Yaya,

Muna lafiya. Baba ya cinye kifi guda jiya har ya nemi ƙari, Gwaggo ta ce saura mu ga ya nemi mata.

Fasto ya kawo filash har gida. Baba bai bari ya gama addu'a ba ya fara nuna min laftof da haɓa. Da muka shiga, ƙofarki ya fara gani. Ya yi tsaki ya ce, "Shekara shida a ƙasar Turawa, ƙofa ba ta tsakiyar bango." Ya rushe ta, ya matsar da ita tubali ɗaya, ya mayar. Bai toshe ba. Ni kuwa ban jawo gado ba tukuna. Na ƙirga, ɗakinki tara ne da bakwai, nawa biyar da biyar, taga ɗaya mai kallon aladu. Na faɗa masa a fuskarsa. Ya ce wanda ke gida ba ya buƙatar tagar kallon jirgi. Na ce duk da haka ina son biyu. Ya ce Litinin.

Sai muka zo allonki. Ban karanta masa ba, da kansa ya bi shi da ido, leɓensa na motsi: "Baba, zan tafi. Ka yafe min. Zan dawo." Ya yi ta maimaita karatun har fuskar laftof ta dushe na taɓa maus. Na miƙe zan je duba tukunya, ya ce in zauna. Ya sa na kafa masa wani allon a ƙarƙashin naki, ya ture hannuna, ya rubuta da yatsa ɗaya na hagu. Harafi shida, sai da ya yi kusan minti biyar, ya goge sau biyu.

Filash zai taho a jirgin gobe, amma wasiƙar nan hotonta zan turo miki ta waya, ba zan bari ki jira wata guda ba a wannan karon, na riƙe miki magana sau ɗaya ya isa. Abin da ya rubuta shi ne: Yaushe?

Ya ce kar ki ba shi amsa a allo. Ran Asabar ta farko a Disamba za mu tura shi a baro zuwa tudun makaranta inda waya ke kamawa, ƙarfe huɗu na yamma agogonmu. Ki kira. Ya ce shi zai riƙe wayar.

Ni ma tambayata ke nan, Yaya, kuma ki zo da amsa mai kwanan wata. Bahon wankin yana jiranki.

Ƙanwarki,
Fifita